Rawar Jikin Lawwali

Tukunyar ruwan wanka na ta tafasa a tsakar gidan Malam Ummaru mai hatsi, a Jibiya, hayaƙi ya turnuƙe ko'ina. Matarsa Inna Hajjo na tsaye da ganyen darbejiya a hannu tana ƙwala kira.

"Salmatu! Ke Salmatu! Ruwanga in ya huce ba ni ƙara hura wuta, na hwaɗa miki!"

Salmatu ta fito daga ɗaki tana gyara ɗaurin zane. Haihuwarta ta fari ce, ta zo wankan gida kamar kowace 'ya, jibi kuma za ta yi arba'in. Da wata mai jegon ce, da yanzu bakinta har kunne, ana shirin kitso da lalle za a koma ɗakin miji. Ita kuwa ta rame, idanunta sun faɗa, ko kunun kanwar da ake ɗura mata bai kama jikinta ba.

"Inna, yaushe za a fara haɗa kayana?"

Inna Hajjo ta kau da kai, ta shiga gyara itace a murhun da ba ya buƙatar gyara. "Babanki ya ce kada a taɓa ko tsinke. Ya ce mijinki ya zo ran arba'in ya gan shi da idonshi. In ya ga alamar maye a jikinshi, takardarki zai aje ya tahi. In ya ƙiya, alƙali na nan."

"Inna, wallahi ya daina!"

"Ke rufe mini baki! Ba ki ko kunya, kina kare miji a gabana? Sau nawa ya daina?"

Tambayar tana da amsa, amsar kuma ba mai daɗi ba ce.

Lawwali ɗan acaɓar iyaka ne. Tun kafin ya yi gemu yake ɗaure kaya a bayan mashin, shinkafa ce, taliya ce, jarkokin mai ne, ya bi ta daji ya ɓulle Nijar, ya kauce wa kwastan a nan ya kauce wa duwan, wato kwastan ɗin Nijar, a can. Aikin ba na mai barci ba ne, ba kuma na mai tsoro ba. Wani abokin aiki ya fara miƙa masa tiramol guda ɗaya, wai don ƙarfin jiki. Ɗaya ta koma biyu, biyu ta koma sai abin da hannu ya ɗebo. Sama da shekara goma yana haka, amma da yake yaro ne mai fara'a da gaida mutane, ba kowa ya gane ba. Salmatu ma sai da ta tare ta sani. Ta yi kuka, ta yi roƙo, ta ɓoye wa iyayenta, don son da take masa ba na wasa ba ne.

Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar suna, ana tsakiyar rabon goro a ƙofar gida, Lawwali ya yanke jiki ya faɗi yana shure-shure, kumfa na fita bakinsa. Da aka ɗaga shi, sai ga ƙwayoyi sun zubo daga aljihu a gaban liman, a gaban maƙwabta, a gaban surukinsa. A shekarun nan kuwa da shari'a ta dawo, mutum ya faɗi da maye a taron suna ba ƙaramin abu ba ne. Yayan Salmatu, Yahaya, wanda ba ya rabo da 'yan agajin masallaci, har rantsuwa ya yi sai ya ga an tsala wa Lawwali bulala. Da ƙyar uban ya hana.

Abin da gidan ba su yarda da shi ba shi ne, tun daga ranar Lawwali ya kai kansa asibiti. Wani ma'aikacin jinya, Malam Habila, mutumin kudancin Kaduna, shi ya karɓe shi, ya ce ba a yanke abin lokaci ɗaya, sai dai a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan. Haka aka yi ta yi, har makon nan da aka tsayar gaba ɗaya. Salmatu ta san wannan duka, don yakan kira ta a waya in Inna ta fita unguwa.

Ana gobe arba'in, bayan la'asar, Malam Ummaru na kasuwa, aka ce ana sallama da mai jego. Ta saɓi jaririya ta fita soro. Ashe Lawwali ne.

Yana zaune a dakali ya dunƙule kamar mai zazzaɓin damina. Zufa ta jiƙa masa riga, ga shi kuma yana kaɗuwar sanyi. Hanci na zuba, ido na hawaye ba don kuka ba, hannuwansa na rawa har ana gani daga bakin ƙofa. Ya buɗe baki zai gaishe ta, sai hamma ta riga shi.

"Innalillahi! Haka ka koma?"

"Sori, Salma. Malam Habila ya ce haka abin yake, makon hwarko shi ne wuta. Ya ce in na haye wannan, sauran da sauƙi."

"To gobe fa? Gobe Baba zai gan ka! Ka kalli kanka a madubi kuwa? Wallahi ko lokacin da kake sha ba ka taɓa kama da ɗan ƙwaya ba irin yau!"

Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "Na sani."

Salmatu ta tsaya tana kallonsa, zuciyarta na tafasa. Can ta juya da sauri ta koma ciki. A ƙarƙashin kayanta akwai wani ɗan kati na ƙwayar da ta taɓa zarewa daga wandonsa tun tana da ciki, ta taho da shi don kada ya gani a gida, ta kuma rasa ranar jefarwa. Saura biyu a jiki. Ta dunƙule a hannu ta dawo, ta leƙa hagu da dama, ta sa masa a tafin hannu.

"Gobe da safe ka sha. Gobe kawai! Jikinka ya tsaya, ka gaida Baba lafiya lau, a maida ni ɗakina. Daga nan ka ci gaba da dainawarka, ni zan yi jinyarka da kaina."

Kada mai karatu ya yi saurin zaginta. Yarinya ce da ta ga aurenta na shirin mutuwa, ta kuma ga maganin a tafin hannunta. Tsoro ne ya ba ta wannan shawara, tsoro kuwa bai taɓa ba kowa shawarar kirki ba.

Lawwali ya ƙura wa katin ido. Yatsunsa suka rufe a kai da kansu. Ta ga maƙogwaronsa na motsi, ta ga yadda numfashinsa ya canza, kamar mai azumi ya ji ƙamshin miya.

"Salma, kin san mi kika sa mini a hannu?"

"Pilis, don Allah, guda biyu ne kacal —"

"Ban taɓa komawa da guda goma ba. Kullum da biyu nake komawa, kullum kuma 'yau kawai' ne. Ranar da za ni wuce jandarma, yau kawai. Ranar da innata ta rasu, yau kawai. Ranar da na zo gaida Baba neman aurenki, kin tuna yadda ya yi ta yabona, wai yaro mai natsuwa? Huɗu na sha kahin in shigo. Ba ni ya ba aurenki ba, Salma, ƙwaya ya ba."

Hawaye suka ɓalle mata. Ya kamo hannunta, ya buɗe, ya mayar mata da katin, ya rufe yatsunta a kai da nasa masu rawa.

"In zai karɓe ni, ya karɓe ni hakanga. In na sha gobe, jibi ma sai na sha, ke ma kin sani."

"To shi ke nan! Ka zaɓi rabuwa da ni!" Ta fizge hannunta ta shige gida da gudu, jaririya na tsala ihu a kafaɗarta. Shi kuwa ya jima a dakalin kafin ya tashi ya tafi.

Washegari da hantsi aka shimfiɗa tabarma a zaure. Malam Ummaru ya zauna a kan buzu, Yahaya a damansa ya harɗe hannu. Lawwali ya shigo tare da ƙanen mahaifinsa, Kawu Sule, ya cire takalmi tun daga waje ya durƙusa a gefe. Salmatu na laɓe a bayan ƙyauren da ke shiga cikin gida, ko numfashin kirki ba ta yi.

Yau jikin Lawwali ya fi na jiya rikicewa. Ya sa hannuwa tsakanin gwiwoyi don ya danne rawar, sai gwiwoyin suka kama. Malam Ummaru ya fara magana ke nan, hamma ta kufce wa Lawwali, doguwa, a gaban suruki! Ya toshe baki, wata ta biyo. Kawu Sule ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Baba, ka gani ko?" in ji Yahaya. "Gani ya kori ji. Ya sha ya yi tatil, sannan ya kwaso jiki ya zo muna. Ko yau ɗaya bai iya haƙura ba!"

Malam Ummaru ya ɗaga masa hannu, ya dubi surukinsa. Ba fushi ne ya fi yawa a fuskarsa ba, baƙin ciki ne. "Lawwali, ranar da ka zo neman yarinyagga, nan ka zamna, daidai nan. Na ce ban taɓa ganin yaro mai natsuwarka ba. Dubi abin da ka maida kanka."

"Baba, Allah shi ba ka haƙuri." Muryarsa ma rawa take. "Waccan ranar ita ce na sha. Yau ban sha komi ba. Rashinta ne ke kaɗa ni haka."

"Iye!" Yahaya ya yi tsalle ya miƙe. "Kun ji rainin hankali! Wato da yana lahiya ya sha, yanzu da yake layi bai sha ba! Baba, mu za a maida yara?"

Gaskiyar ma sai ta ƙara dagula masa lissafi. Malam Ummaru ya ji ashe tun farko yaudararsa aka yi, fuskarsa ta murtuke. Kawu Sule ya buɗe baki zai ba da haƙuri, tsohon ya katse shi.

"Sule, ba mu yin tashin hankali da ku. Yahaya, ba shi takarda da biro. Shi rubuta, kowa ya kama gabanshi."

Aka ajiye takarda a gaban Lawwali. Ya dube ta, ya dubi ƙyauren, kamar ya san wadda ke bayansa. Bai ɗauki biron ba, hawaye kawai ke bin zufar fuskarsa.

Sai ƙyaure ya buɗe.

A Jibiya 'ya mace ba ta shiga zauren maza ana maganar aurenta, balle mai haihuwar fari, balle ta tsaya wa miji a gaban ubanta. Salmatu ta san wannan sarai. Ta shigo ko mayafin kirki babu, Inna Hajjo na biye tana jan zanenta tana "Ke! Ke! Kin haukace?" Ta zube a gaban uban, ta ajiye katin ƙwayar a kan buzunsa.

"Baba, ka yanka ni in ka ga dama, amma ka ji. Jiya ni na ba shi wagga da hannuna, a soron gidanga. Na ce ya sha don jikinshi ya tsaya, ka gan shi lahiya ka maida ni. Na roƙe shi har da kuka. Ya riƙe ta a hannu, ya maido mini. Ga ta nan, ko ɓallewa bai yi ba! Da ya sha, wallahi da yanzu kana sa mishi albarka. Don bai yaudare ka ba ne za ka raba mu?"

Inna Hajjo ta ɗora hannu a ka tana salati. Yahaya ya yi kanta da mari, uban ya daka masa tsawar da ta tsayar da hannun a sama.

Malam Ummaru ya ɗauki katin yana juyawa. Da ya ɗago, 'yarsa ya kalla, ba surukin ba. "Ke, Salmatu? Ɗiyar da na haihwa, ke ke raba ƙwaya a gidana?"

Maganar ta soke ta fiye da marin da ba a yi ba. Ta kifa kai a ƙasa tana gunjin kuka.

Tsohon ya sa hannu ya janye takardar daga gaban Lawwali. "Ba ka saki, ba ta kuma komawa. Ni mai hatsi ne, ban sayen gero tun yana ganye. Ka aje mashin ɗin iyaka. Ina da gona a Riko, damina ta kusa, ka tahi ka noma ta. Kowace Juma'a ka zo nan in gan ka. In an yi kaka mu yi magana." Ya miƙe ya kaɗe riga. "Ke kuma, kada ki ƙara gaishe ni sai na neme ki."

Daminar nan ta yi wa Salmatu tsawo. Uban da ba ya cin tuwo sai ya ajiye mata loma, yanzu in ta shigo ta ƙofa ya fita ta wata. Matan unguwa suka samu abin taunawa, wai mai jego ta yi arba'in har sau uku ba a zo biko ba, wasu ma suka ce ita ma tana taɓawa. Ta daina zuwa biki, ta daina leƙa ƙofa. Ranar Juma'a kaɗai take rayuwa, in ta ji sallamar Lawwali a zaure. Ba a barin su gana, sai dai Inna ta kai masa jaririya ta dawo da ita.

Shi ma can ba hutu yake ba. Rawar jiki ta tafi, amma barci ya ƙi dawowa, zuciya kuma ta yi ta ƙunci ba dalili. Hannun da ya saba da kan mashin ya yi kanta da fartanya. Abokan tasha in sun hango shi sai su sa ihu, "Ustazu manomi! A zo a ɗan taɓa mana!" Wata ranar kasuwa Yahaya ya shigo gida yana huci, wai an ga Lawwali tsaye a gaban teburin mai ƙwaya. Salmatu ta wuni ba ta sa komai a bakinta ba. Da Juma'a ta zo, tun kafin a tambaye shi ya faɗa wa Malam Ummaru da bakinsa: ƙwarai ya tsaya, har ya sa hannu a aljihu, sannan ya juya ya tafi asibiti ya zauna wurin Malam Habila har abin ya sake shi. Tsohon bai ce masa ci kanka ba, amma ranar ya sa an kai masa fura.

Aka yi kaka, aka ɗaure gero, amalanke ya kawo dammuna ƙofar gida. Malam Ummaru ya sake tara su a zaure, wannan karon ya ce a kira Salmatu da uwarta su zauna daga bakin ƙofa. Lawwali ya yi baƙi, ya yi ƙarfi, idonsa ya washe.

Yahaya bai saduda ba. Ya shigo da alwalarsa riƙe da Alƙur'ani. "Baba, in da gaske yake, shi dafa ya rantse ba ya ƙara sha har ya mutu. Sannan a ba shi matarshi."

Zuciyar Salmatu ta yi fari. Rantsuwa kawai? Ta zuba masa ido tana roƙonsa a zuci ya miƙa hannu. Lawwali ya dubi Littafin, ya sunkuyar da kai.

"Baba, ka gahwarce ni, ba ni iyawa."

"Kun ji ko!" in ji Yahaya.

"Na taɓa dafa shi a gaban innata, na karya, har ta koma ga Allah ban cika mata ba. Ina tsoron in ƙara. Abin nan bai mutu ba, Baba, yana nan cikina kwance, wata rana har mafarkinshi nake. Abin da na sani, tun kahin arba'in ban sa ta a bakina ba, yau ma ban sha ba. Gobe kuwa ina roƙon Allah, ina kuma roƙon ku taya ni."

Malam Ummaru ya ce, "Yahaya, maida Littahin Allah wurinshi. Da ya dafa da sauri, da na ce a ƙara wata daminar."

Ya juya wajen ƙofa. Rabon da ya kira sunanta tun ranar arba'in.

"Salmatu."

"Na'am, Baba."

"Ki shirya ki bi mijinki. Amma ki ji ni da kyau. Duk ranar da kika ga abin ya taso mishi, kada ki ɓoye mini kamar da, kada kuma ki nemi maganin da kika nema rannan. Ki aiko a kira ni, ko ina tsakiyar ciniki. Ni ma ɗana ne."

Salmatu ta rarrafa ta kifa kanta a ƙafafun ubanta tana kuka, ya ɗora mata hannu a ka ya bar shi a nan. Lawwali ya rufe fuska da hularsa. Inna Hajjo ta tashi tana share ido da gefen zane, tana faɗan wai an bar ta da aikin lalle ba shiri.

Haƙuri dai ba ya faɗuwa ƙasa banza. Da Lawwali ya sayi mutuncin yini ɗaya da ƙwaya biyu, da ya koma da matarsa a ranar, ya kuma rasa ta daga baya har abada. Ya yarda aka gan shi a mafi munin kamanninsa, shi ya sa aka yarda da shi. Ku kuma masu ɗan'uwa a cikin wannan masifa, ku sani mai fita daga cikinta ya fi kama da mara lafiya fiye da mai shiga. In kun ga yana rawar jiki, kada ku kore shi a ranar, a ranar ya fi buƙatarku.